Priz na zinariya ko priz mai riƙo: me ke gyara sautin kayan kiɗa a gida?

Duk wanda ya taɓa zama gaban makirfo cikin ɗakin watsa shirye-shirye ya san wata ƴar ƙara da ba ta da ƙarfi, ba ta kuma tsayawa, wadda ke gunji can ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma cikin tulu. Mu da muke aikin rediyo ita ce babbar abokiyar gabarmu, ta fi mana ɗaukewar kuran ciwo, domin in an ɗauke wuta kowa ya san dalili, amma in wannan gunji ya shiga cikin shiri sai mai saurare ya ce rediyonsa ne ya lalace, ko kuma mu ne ba mu iya aikinmu ba.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne wani maƙwabcinmu, malamin makaranta, da ya ɗauki watanni yana tara kuɗi har ya sayi kayan sauti na ɗaka: ampli ɗaya, manyan lasifika biyu da na'urar faifai. Ya kai gida da murna, ya haɗa, ya kunna. Maimakon zaƙin da ya ji a shago sai ga gunji, ga wani ƙaras-ƙaras da ke zuwa yana tafiya, ga kuma wani "tak!" mai firgita mutum lokaci zuwa lokaci. Ya mayar wa mai shago, aka gwada a gabansa, lafiya lau. Sai wani ya ba shi labari cewa a ƙasashen da suka ci gaba masoya kiɗa na cire priz ɗin bango, wato abin da ƴan'uwanmu na Najeriya ke kira soket, su sa wani na musamman mai ruwan zinariya, kuma daga nan sauti ya gyaru. Da yake ya san aikinmu, ya zo mana da tambaya: shin da gaske ne, ya aika a sayo masa?

Labarin da aka ba shi ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. A Japan da Amurka akwai mutanen da suka mayar da sauraren kiɗa tamkar sana'a, kuma akwai kamfanonin da ke ƙera musu kaya, kamar Furutech da Oyaide, dukansu na ƙasar Japan. Suna sayar da priz da aka shafa wa ƙarfensa ruwan zinariya ko na wani ƙarfe mai tsada da ake kira rodiyom, wasu ma an daskarar da ƙarfen cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri. Guda ɗaya na iya haura dalar Amurka 200, wato jaka ɗari da ɗoriya a kuɗinmu na sefa. A Amurka kuma akwai priz da aka yi don gidajen likita, mai ɗigon kore a fuskarsa, wanda masoya kiɗa ke rububinsa. A shekarar 2016 jaridar Wall Street Journal ta ba da labarin wani dattijo lauya ɗan Japan, mai shekara 82, wanda ya kashe kusan dalar Amurka 10,000, kusan miliyan shida na sefa a lokacin, ya sa aka kafa masa turken wuta da taransfoma nasa shi kaɗai a ƙofar gida, don kada wutar da ke shiga kayan kiɗansa ta gauraya da ta maƙwabta. Mai kuɗi ya yi abin da ya ga dama da kuɗinsa. Tambayarmu ita ce ko malamin makaranta a Maraɗi ko Tawa ya kamata ya bi sahunsa.

Hanyar da wuta ke bi kafin ta zama kiɗa

Bari mu bi wutar daga tushe. Tun 1976 akwai layin da ya haɗa Birnin Kebbi da Yamai, daga 1994 kuma aka samu na Katsina zuwa Gazawa wanda aka ja don Maraɗi da Damagaram. Waɗannan manyan layuka na sama ba ma da jan ƙarfe ake yin su ba, da alminiyom ne. Wutar ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kansu, ta ratsa taransfoma bayan taransfoma, ta bi wayar unguwa da tsuntsaye ke sauka a kanta, ta shiga konter, ta bi bango. To, a ce santimita ɗaya na ƙarshe da aka shafa wa zinariya shi ne zai wanke ta? Hankali bai ɗauka ba. Ƙari a kan haka, zinariya ba ta kai jan ƙarfe iya ɗaukar wuta ba, rodiyom kuwa ko rabin jan ƙarfe bai kai ba. Amfanin shafa su ɗaya ne: ba sa tsatsa. Wannan amfani ne na gaske, amma ba shi ke ƙara wa muryar mawaƙi zaƙi ba.

Abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ampli ba ya aiki da wutar bango kai tsaye. Wutar da ke zuwa mana volt 220 ce, kuma tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa. Da ta shiga ampli sai a rage mata ƙarfi, a miƙar da ita ta koma tafiya hanya guda, sannan a tara ta cikin wasu manyan gwangwanaye da ake kira kondansater. Daga cikinsu ne kiɗa ke ɗibar abin da yake buƙata. Misalinsa kamar famfo da randa ne: famfo na iya zubo ruwa da tsalle-tsalle, amma mai sha daga randa yake ɗiba, kuma randar ampli ana ƙara cika ta sau 100 a daƙiƙa. In randar mai kyau ce, bakin famfon na zinariya ne ko na tagulla, ruwan ɗaya ne a baki.

Saboda haka amsar da muka ba maƙwabcinmu ita ce ya riƙe kuɗinsa. Muka ƙara masa da gargaɗi cewa da yawa daga waɗancan priz masu tsada an yi su ne don fish mai faffaɗan ƙafafu irin na Amurka da Japan, inda wutar gida ke tsakanin volt 100 da 120, kuma ɗora wanda aka rubuta wa volt 125 a kan wutarmu neman masifa ne. Amma ba mu ce masa priz ɗinsa ba shi da laifi ba. Sai da muka je muka gani.

Abin da muka tarar a bango

Priz ɗin da ke ɗakin nasa ya kai shekarun ginin gidan. Fuskarsa ta koma ruwan ƙasa, gefen rami ɗaya ya yi baƙi. In ka soka fish sai ya sunkuya ƙasa don nauyin wayarsa, in ka taɓa shi kaɗan sai lasifika ta yi ƙaras. Uwargida ta ce mana a nan take soka dutsen guga shekara da shekaru.

Ga yadda abin ke faruwa. Cikin priz akwai ƴan ƙarafa biyu masu matse ƙafar fish kamar awartaki. Da yawan sokawa da cirewa sai su saki. In sun saki, wurin da ƙarfe ke taɓa ƙarfe ya ragu, wuta na wucewa da ƙyar, wurin ya ɗauki zafi. Zafin ya ƙara sassauta ƙarfen, ƙurar hunturu ta shiga, baƙin ƙuna ya taru, abu ya yi ta gaba. Lissafin ba shi da wuya. Dutsen guga mai watt 2,000 na jan kusan amper 9. In mahaɗar ta lalace har tana tare wuta da rabin om kawai, zafin kusan watt 40 ne ke taruwa a wurin da bai fi ƙwayar wake girma ba, cikin roba, cikin bango. Shi ampli na ɗaka ba ya jan abin da ya kai amper ɗaya a yawancin lokaci, ba shi ne ya ƙona priz ɗin ba, amma shi ne ke tona asirinsa, domin duk ƙaramin tartsatsin da ya tashi a mahaɗar sai ya fito ta lasifika. Wato wannan ƙaras-ƙaras da malam ke ƙorafi a kansa gargaɗi ne gidan ke yi masa. Da priz irin wannan ne gobara ke tashi da tsakar dare.

Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da mu mutanen bakin iyaka. Ginin gidajenmu ya gaji tsarin Faransa: priz mai ramuka biyu zagayayyu da ƴar sandar ƙarfe da ta fito waje, wadda ita ce ta wayar ƙasa. Kayan da ke shigowa daga Kano da Katsina kuwa da yawansu na ɗauke da fish irin na Ingila, mai ƙafafu uku masu kusurwa. Wasu kayan na zuwa da na Jamus, wasu da siririn fish mai ƙafa biyu wanda kaurin ƙafarsa milimita 4 ne, alhali babban fish na Faransa milimita 4.8 ne. Gida ɗaya, fish iri huɗu. Sai a koma ga adaptater a kan adaptater, ko ralonj ɗin nan mai ramuka masu karɓar kowane irin fish. Mai karɓar kowa kuwa ba ya riƙe kowa da kyau. Mun sha ganin inda aka yanke fish ɗin gaba ɗaya aka cusa tsirarar waya cikin rami, aka tokare ta da tsinken ashana.

Muka kira mai gyaran wuta, ya kashe dijonkter, ya cire tsohon. Sabon da aka sa priz ne na yau da kullum mai amper 16 da sandar ƙasa, mai nauyi a hannu, wanda in ka soka fish sai ka sa ƙarfi kafin ka zare. Kuɗinsa da na aiki ba su kai jaka biyar ba. A nan sai a yi hattara, don kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni irin su Legrand na Faransa. Na gaske ana gane shi da nauyi, da kaurin tagullar da ke ciki, da kuma ƙarfin riƙo. Aka kunna ampli. Ƙaras-ƙaras ya tafi, ko an girgiza wayar. Gunjin nan kuwa yana nan daram, haka ma "tak!".

"Tak!" ɗin bai ba mu wahala ba. Muka zauna shiru har ya sake yi, sai muka ji a daidai lokacin ne injin firigo ya tashi a ɗakin da ke kusa. Duk gidan, da firigo da fanka da fitilu da priz-priz, a kan waya guda suke, siririya, wadda da aka kankare bakinta sai ga ta fara a ciki: alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Injin firigo na fizgar wuta mai yawa a lokacin tashi, ninkin abin da yake ci in ya daidaita, duk wanda ke layi ɗaya da shi sai ya ji a jikinsa. Ƙa'idar wutar gida ta Faransa, NF C 15-100, wadda masu gyaran wutarmu da suka yi makarantar sana'a suka sani, ta ce layin priz a ja shi da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 a ƙarƙashin dijonkter na amper 20, ko mai 1.5 a ƙarƙashin na amper 16, fitilu kuma da layinsu daban. Malam ya sayi waya ta jan ƙarfe zalla, aka ja wa ɗakin layinsa tun daga allon rabon wuta. Ƙarar ba ta ɓace ƙurmus ba, amma sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. In akwai wani abu cikin al'adar masoya kiɗan Japan da ya cancanci koyi, to wannan ne: raba layin kayan sauti da na injuna. Ba sai an kafa turke ba.

Gunji da wayar ƙasa

Saura babban. Shi wannan gunji muryar wutar ce da kanta, waccan kai da komo sau 50 a daƙiƙa, tare da ƴaƴanta na 100 da 150. A Amurka, inda wutarsu ke yin sau 60, gunjin nasu ya ɗan fi namu tashi sama. Tsofaffin ma'aikatan sauti na iya gane nahiyar da aka ɗauki wata murya daga gunjin da ke bayanta. Abin haushi shi ne yana zaune daidai inda ƙananan muryoyin kayan kiɗa suke. Mun sa faifan marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, domin biram ɗinsa mai tsirkiya biyar na da wannan zurfin murya, sai muka ji gunjin ya kwanta a kanta kamar ƙura a kan madubi.

A wurin aiki mun koyi hanya ɗaya ta farautarsa: a cire duk wayoyin da ke shiga ampli, a bar shi da lasifika kawai, sannan a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Ampli shi kaɗai, shiru. Aka sa na'urar faifai, shiru. Da aka haɗa wayar da ta fito daga telebijin, sai ga gunji. Telebijin ɗin na haɗe da dekoder, dekoder na soke a wani priz can ɗaya bangon, kuma wayar parabol ɗinsa ta hau rufin kwano. Wato na'urorin sun haɗu ta hanya biyu, ta wayar wuta da ta wayar sauti, kuma "ƙasar" da kowannensu ke tsaye a kai ba ɗaya ba ce. Ɗan bambancin da ke tsakani, ko bai kai volt ɗaya ba, sai ya samu zagayen da zai bi, ya ratsa ta wayar sauti, ampli kuma ya ƙara masa ƙarfi tamkar waƙa. Aka dawo da telebijin da dekoder kan ralonj guda mai kyau tare da ampli, duka daga sabon priz, gunjin ya ragu sosai. Ragowarsa ta tafi da aka sa wata ƴar na'ura mai raba ƙasa a kan wayar sautin, wadda bai fi kwalin ashana biyu girma ba.

A nan ne za mu tsaya mu ja kunne, don akwai wata dabara da ta yaɗu tsakanin masu kayan sauti na biki da ma wasu masu kula da lasifikar masallaci: a karya ƙafar ƙasa ta fish, ko a yanke wayar nan mai launin kore da rawaya. Gaskiya ne, sau da yawa gunji na tsayawa nan take. Amma wannan waya ba don ado aka sa ta ba. Ranar da wata waya ta gutsure cikin ampli ta taɓa jikinsa na ƙarfe, ita ce za ta kwashe wutar ta kai ƙasa har dijonkter ya faɗi. In babu ita, jikin amplin da makirfon da ke haɗe da shi sun zama volt 220 suna jiran hannu ko leɓe. Mu kanmu mun taɓa shan cizon makirfo a leɓe a wajen wani taro da aka ja wuta da gaggawa, kuma wanda ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya mantawa. Wutar da ba ta wuce kashi kaɗan na amper ɗaya ba na iya tsayar da zuciya, shi ya sa ƙa'ida ta tanadi dijonkter na musamman mai faɗuwa da zarar miliamper 30 sun ɓace daga layi. Gida mai yara ya fi buƙatarsa a kan kowace irin lasifika.

Sai dai sandar ƙasa a fuskar priz ba ta nufin akwai ƙasa. A gidaje da yawa in ka buɗe za ka tarar waya biyu ce kawai ta iso, wurin ta ukun fanko. Haka muka tarar a gidan malam, sai da aka kafa sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe a tsakar gida aka ja mata waya. Ƙasarmu kuma rairayi ce, da rani ta bushe ƙamas ba ta karɓar wuta da kyau, don haka a zurfafa sandar, a zaɓi wuri mai laima kamar kusa da magudanar ruwa. Masu gyara kan zuba gawayi da gishiri a ramin; yana taimakawa, amma gishirin na cin ƙarfen a hankali, sai a riƙa dubawa bayan ƴan shekaru.

Akwai ƙarar da priz ba ruwansa da ita ko kaɗan. Wannan "dit-dit-dit" da lasifika ke yi gab da shigowar kira ta iska yake zuwa, daga salula mai aiki a tsohon tsarin GSM da ke aika saƙonta a gutsure sau 217 a daƙiƙa. Maganinsa a nisanta wayar daga ampli, kamar yadda muke roƙon baƙinmu a ɗakin shiri kullum ba sa ji. Haka kuma tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse mana wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024 da aka maido ta, gidaje da dama sun koma ga gurup da faifan rana. Na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama ta gida, in mai araha ce, ba ta fitar da wuta mai laushin kai da komo, tana yin ta ne hawa-hawa kamar matakala, kuma ampli na amsa mata da zizar da ba priz ɗin da zai kashe. Mai son kiɗa a kan hasken rana sai ya nemi wadda aka rubuta wa "pur sinus". Da damina kuwa, in hadari ya haɗu ana walƙiya, babu na'urar kariya da ta kai zare fish da wayar parabol.

Da aka gama, malam ya lissafa abin da ya kashe a kan priz, waya, dijonkter, sandar ƙasa da ladan mai gyara, ya ga bai kai rabin kuɗin priz ɗaya na zinariya ba. Ya ce mana wai yanzu har kiɗan ya fi faɗi, muryar ta fi kusa. Ba mu yi masa musu ba, ko da yake mun san kunne na son faranta wa aljihun da ya biya. Abin da za mu iya rantsuwa a kansa shi ne ƙararraki uku sun tafi, kuma in faifai ya ƙare ɗakin na yin tsit.

Tsohon priz ɗin mun roƙe shi muka tafi da shi. Da muka warware shi a ofis, ɗaya daga ƴan ƙarafan ya narke ya manne da roba, wayar da ke bayansa kuma rufinta ya ƙone kusan tsawon ɗan yatsa. A bayan wannan bangon ne gadon yaran malam yake.